Karo da ƙarfe a duhun sito: yadda na bi takardun hatsarin aiki a Tahoua

Siton da nake kula da shi a Tahoua dogon gini ne na bulo mai rufin kwano, da babbar ƙofa guda a gaba da ƴan tagogi can sama kusa da rufi, waɗanda aka toshe tun shekarar da ɓarayi suka shiga ta ɗayansu. A ciki ake ajiye shinkafa da sukari da man girki da taliya na wani kamfanin ƴan sari, kayan da manyan motoci ke kawowa ta hanyar Ƙonni, mu kuma mu rarraba wa ƴan kasuwar gari da na ƙauyukan Adar har zuwa Abalak. Aikina shi ne karɓar kaya da ƙirga su da sa hannu a takardar shiga da fita. Daga tsakiyar ginin zuwa ƙuryarsa an kafa bene na ƙarfe domin ɗora kwalaye marasa nauyi, kuma ƙarfen da ya tallafe bakin benen ya gitta hanyar da muke bi tsakanin layukan buhuna, a tsayin da ya yi daidai da goshin dogon mutum. Duk wanda ya jima a wurin ya san inda ake sunkuyawa, domin ƙafarsa ta riga ta haddace cewa da zarar ya wuce layin sukari na ƙarshe sai ya duƙar da kai, ko ya ga ƙarfen ko bai gan shi ba.

A watan Oktoba na 2023 abin ya same ni, cikin watannin da Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, lokacin da unguwanni ke karɓa-karɓar wuta, ta zo na ƴan awoyi ta tafi. Kamfaninmu yana da injin gurup, amma saboda kuɗin gazuwal an haɗa shi da buro kaɗai, inda kwamfuta da fanka suke, aka bar sito da ɗan hasken da ke shigowa ta ƙofa. Da safiyar ranar an sauke mota guda ta sukari, da wuri ya ƙare sai ƴan dako suka ci gaba da jera buhunan har ƙarƙashin benen, ta yadda layin sukari na ƙarshe ya koma bayan ƙarfen maimakon gabansa. Bayan azahar ina tsaye a fili cikin rana ina duba takardun wani direba, sai aka ce lissafin kwalayen taliya bai cika ba, na juya na shiga domin in ƙirga da kaina. Ban yi nisa ba goshina ya haɗu da ƙarfen. Na faɗi ta baya, na tokare da hannun dama a gefen katakon da ake ɗora buhuna, wuyan hannun ya karye, goshin kuma ya tsage a saman girar hagu.

Abin da ya biyo baya cikin rabin awa shi ne, a ganina, ya fi komai muhimmanci a duk wannan tafiya, domin a nan ne yawancin irin wannan rauni ke ɓacewa ba tare da an rubuta shi ko'ina ba. Da mota ce ta buge ni, ko buhuna suka rufto mini, babu mai musun cewa hatsarin aiki ne. Amma idan abin da ya ji wa mutum ciwo yana tsaye ne wurinsa shekara da shekaru, shi mutumin ne ya je ya same shi, kowa yakan ɗauka sakacinsa ne, har shi kansa yakan ji kunyar kai ƙara. Mataimakin manaja ya fito daga buro ya same ni zaune an ɗaure mini goshi da rawani, ya ce: "Sannu, Malam. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ga wannan, a kai ka farmasi a wanke maka, ka huta a gida, albashinka na nan." Ya miƙo jika goma. Ban ga mugunta a maganarsa ba, haka aka saba yi. Kawuna kuma, wanda aka kira ta waya daga unguwar Bilbis, da ya taɓa hannun ya ce: "Ɗana, wannan ai ɗori ne. Tashi mu tafi wajen maɗori, kafin magariba an gama."

Wakilin ma'aikata, wanda muke kira delege, shi ne ya tsaya a tsakani. Direba ne dattijo da ya taɓa bin takardun hatsarin aiki a Kes, wato asusun ƙasa na kula da ma'aikata, lokacin da wani yaron motarsa ya rasa yatsa. Ya ce wa mataimakin manaja: "Ranka ya daɗe, a mai da kuɗin nan tukuna. Wannan mutum yana da lambar Kes, kuma a bakin aiki ya ji ciwo. Likita za a kai shi, a ba shi takarda yau." Ya juya wajen kawuna ya ce: "Baba, ba mu raina ɗori ba, amma maɗori ba ya ba da takarda, kuma idan hannun nan ya ƙi komawa daidai nan gaba, takardar yau ce kaɗai za ta yi masa magana." Kawu bai ji daɗi ba, amma ya yi shiru ya bi mu.

A asibiti aka ɗinke goshin, aka yi mini allurar tetanus saboda ƙarfen na da tsatsa da ƙura, aka ɗauki hoton ƙashi, hoton ya nuna karaya a ƙashin da ke ɓangaren babban yatsa, dab da wuyan hannu, inda galibi ke karyewa idan mutum ya faɗi ya tokare da tafi. Aka gyara ƙashin aka sa filasta tun daga ƙasan gwiwar hannu har tushen yatsu. Likitan ya fi damuwa da kan fiye da hannun. Ya tambaye ni ko na suma, ko na tuna duk abin da ya faru, sannan ya gargaɗi maiɗakina cewa cikin kwana biyu masu zuwa, idan ta ga ina amai, ko barci ya yi mini nauyi fiye da kima, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko maganata ta rikice, a dawo da ni ko da tsakar dare ne, domin jini na iya taruwa a cikin ƙoƙon kai a hankali alhali mutum na yawo da ƙafarsa. Delege ya tabbatar an faɗa tun a bakin ƙofa cewa hatsarin aiki ne, don haka likitan ya rubuta takardar shaida ta farko, wadda ke bayyana kowane rauni da wurinsa a jiki da tsawon hutun da yake ganin za a buƙata. Ya rubuta tsagewar goshi da karayar hannu duka biyu. Daga baya na gane amfanin hakan, domin raunin da ba a ambata a takardar farko ba, da wuya a yarda daga baya cewa daga wannan hatsari ya samo asali.

Washegari aka shiga maganar sanarwa. Ma'aikacin da ya ji ciwo yana sanar da mai aikinsa nan take, shi kuma mai aiki yana da awa 48 ya kai sanarwa a rubuce ga ofishin sufeton ƙwadago da kuma CNSS, wato asusun ƙasa na kula da ma'aikata, wanda mu ma'aikata muke kira Kes. Idan mai aiki ya ƙi, wanda ya ji ciwon ko iyalinsa na da damar kai sanarwar da kansu har cikin shekara biyu, sai dai duk wanda ya san yadda shaidu ke watsewa a wurin da rabin masu aiki ƴan rana ne, ya san cewa wannan damar ba ta kai awa 48 ɗin farko daraja ba. Akawun kamfani ne ya cike takardar, ya kawo mini gida in duba. A gurbin da ake bayyana yadda abin ya faru ya rubuta da Faransanci jimla guda, wadda ma'anarta ita ce na yi karo da ƙarfe saboda rashin kula. Babu lokaci, babu maganar wuta, babu sunan shaida ko ɗaya.

Na ce masa ban yarda da wannan ba, delege kuma ya zo aka zauna a zaure aka sake rubutawa. Muka sa lokacin da abin ya faru, muka sa cewa wuta ta ɗauke tun safe kuma injin gurup bai kai sito ba, muka sa cewa tagogin sama a toshe suke, cewa an sauya jerin buhuna a safiyar ranar, da tsayin ƙarfen daga ƙasa bayan an je an auna shi da mita, da sunayen mutum biyu da ke wurin. Akawun ya yi ta jan ƙafa, yana cewa manaja zai ga kamar ana neman ɗora wa kamfani laifi. A nan na fahimci cewa tsoron da ke buro tsoron biyan diyya ne, alhali kuwa kamfanin ya riga ya biya. Kowane wata mai aiki na zuba wa Kes kashi 1.75 cikin ɗari na albashin ma'aikaci domin reshen hatsarin aiki da cututtukan sana'a, ba a cire wa ma'aikaci ko dala a wannan reshe, kuma tun 1965 da aka kafa Kes ita ce ke ɗaukar nauyin magani da kuɗin hutu idan abu ya faru. Tsarin bai tsaya a kan neman mai laifi ba. Abin da ake dubawa shi ne ko raunin ya faru a wurin aiki ko saboda aiki, har ma da kan hanyar zuwa aiki da komawa gida, kuma wanda ya ji wa kansa ciwo da gangan ne ake hana wa. Da delege ya yi wa manaja wannan bayani a tsanake, ya sa hannu ya buga hatimi, aka kai takardar kafin wa'adin ya cika.

Haɗa dosiye a ofishin Kes na Tahoua bai yi mini wuya yadda na zata ba, ko da yake cike takarda da hannun hagu wani aiki ne daban. An nemi sanarwar mai aiki, da takardar shaidar likita, da lambata ta Kes, da katin ɗan ƙasa, da takardar albashin watan da ya gabaci hatsarin, da takardun magani tare da rasit na duk abin da na riga na saya da kuɗina a daren farko. An mai da ni baya a kan takardar albashi saboda kamfani bai buga mata hatimi ba, na koma aka buga. Sai dai a kan wannan takarda ce na ga abin da ya fi karayar ɓata mini rai. Shekaru ina karɓar kuɗi kashi biyu, albashin da ke rubuce da kuma wani ƙari da ake ba ni a hannu ƙarshen wata saboda tsayawa sauke kaya da dare, kuma ban taɓa damuwa da bambancin ba tunda duka aljihu ɗaya suke shiga. Kes kuwa abin da aka bayyana mata kaɗai ta sani, a kansa aka biya mata, a kansa kuma take lissafi. Duk ma'aikacin da ake ba wani ɓangare na haƙƙinsa a hannu ba tare da rubutu ba, ya sani cewa ranar da ya kwanta ciwo, ko ranar da ya tafi ritaya, wannan ɓangare babu shi.

Lissafin kuɗin hutun a sarari yake. Ranar da hatsarin ya faru mai aiki ne ke biya cikakke. Daga washegari Kes na biyan rabin albashin yini har kwana 28, daga kwana na 29 kuma ta koma kashi biyu cikin uku har ranar da likita ya ce an warke ko raunin ya tsaya inda zai tsaya. Idan an ɗauki mai albashin jika 90 a wata, wato sefa 90,000, yininsa ya kama 3,000, zai samu 1,500 a kowace rana cikin makonni huɗun farko, sannan 2,000 daga nan. Magidanci mai iyali da kuɗin haya ya san abin da rabin albashi ke nufi, musamman a wancan lokaci da iyakoki ke rufe, farashin shinkafa ya yi sama. Kuɗin kuma ba ya fitowa ranar da aka kai takarda, sai dosiye ya bi matakansa. Delege ya sake komawa wajen manaja, aka amince kamfani ya ci gaba da ba ni albashina na rubuce, idan kuɗin Kes ya fito a daidaita lissafi. Dokar ƙwadago ta 2012 ta ce kwantiragin wanda ya ji ciwo a bakin aiki dakatar da shi ake yi tsawon jinyarsa, ba ya yankewa, don haka ban ji tsoron rasa gurbina ba, ko da yake an ɗauko wani yaro ya riƙe littafin sito.

Saboda likita ya nuna cewa hannun na iya barin tawaya, aka turo bincike. Sufeton ƙwadago ya zo tare da wani jami'in Kes mai kula da rigakafin hatsari, aka kira ni na je da hannuna rataye a wuya. Sun yi dabara da suka zo bayan azahar, kuma aka yi dace babu wuta. Jami'in ya tsai da mu duka a fili cikin rana na ɗan lokaci, har da manaja, sannan ya ce mu shiga a jere, kowa ya tsaya inda ya daina ganin gabansa. Manaja, wanda ya fi kowa cewa ai ƙarfen a bayyane yake, ya tsaya tun kafin ya kai layi na uku yana lalube da hannu. Jami'in ya fito da wata ƴar na'ura mai auna haske, ya ce ma'aunin sunansa luks. Hasken rana tsaka a fili na iya kaiwa luks 100,000, a ƙarƙashin ƙarfen kuwa abin da na'urar ta nuna bai kai 10 ba. Domin mu san inda muke, ya ce dokar ƙwadagon Faransa ba ta yarda haske ya gaza luks 60 a sito da matakala ba, da 40 a hanyoyin cikin gini, ƙa'idar Turai kuma ta sa 100 ga ɗakunan ajiya.

Bayanin da ya yi a kan ido shi ne ya warware mini abin da ya dame ni tun ranar, wato yadda aka yi ban ga ƙarfen da na sani shekaru ba. Baƙin ido yakan buɗe cikin ƴan daƙiƙoƙi idan an shiga duhu, amma tantanin da ke can bayan ido, wanda shi ne ke karɓar haske, a hankali yake sabawa, yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya kai iyakar ganinsa, kuma yadda shekaru ke ƙaruwa haka sabon ke ƙara jinkiri. Wanda ya wuni cikin siton yana ganin ƙarfen sarai, shi ya sa ƴan dakon da ke ciki suka yi mamakin yadda na nufe shi kai tsaye. Wanda ya shigo daga rana kuwa, a mintocin farko makaho ne, kuma aikin sito gaba ɗayansa shiga da fita ne tsakanin mota da ƙurya, ido ba ya samun zama a ɗayan biyun. Saboda haka duhun da ya fi haɗari a wurinmu na tsakar rana ne, lokacin da babu wanda zai yi tunanin ɗaukar tocila. Da dare kowa na tafe da fitilar wayarsa yana takatsantsan. Ya ƙara da cewa ko da akwai wuta ba mu tsira ba, domin ƙwayayen lantarkin da ke rataye can sama ƙurar hunturu da garin buhuna sun lulluɓe su, biyu daga ciki sun mutu tuntuni, kuma tulin kaya da ya kai kusan rufi yana jefa inuwa daidai kan hanyar da ake bi.

Sufeton ya tara ƴan dako ya tambaye su ko akwai wanda ƙarfen ya taɓa bugewa. Da farko babu wanda ya tanka, suna kallon manaja, sai wani dattijo cikinsu ya cire hula ya nuna tabo, daga nan wasu suka bi. Wani ya ce shi ba goshinsa ne ya bugu ba, buhun da ke kansa ne ya daki ƙarfen, nauyin kilo 50 ya fizge masa wuya ta baya, ya yi makonni ba ya iya waiwaye. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a rubuta ba, an ba kowa kuɗin magani an ce sannu. Na tsaya ina jin su, na ga cewa bambancina da su bai wuce lambar Kes da ke cikin aljihuna ba. Sufeton ya tambayi ko akwai kwamitin tsaro da lafiya a wurin aiki, wanda doka ta wajabta ga kamfanin da ma'aikatansa suka kai wani adadi, aka ce ba mu kai ba. A takarda gaskiya ne, domin ƴan dakon da ke zuwa kullum tun safe har dare ba sa cikin lissafi.

Abubuwan da aka rubuta wa kamfani ya gyara suna da tsari, kuma jami'in ya nace cewa tsarin na da ma'ana. Na farko shi ne a kawar da ƙarfen daga hanya, ko a ɗaga bakin benen ko a sauya hanyar ta bi gefe. Na biyu haske wanda bai dogara da zuwan wuta ba: a buɗe tagogin sama a sa musu raga ta ƙarfe maimakon toshewa, a canza wasu kwanukan rufi da na roba masu wuce haske a saman hanyoyi kaɗai don kada zafi ya sauka kan kayan abinci, a sa fitilun sola masu batir, a shafe bango da farar ƙasa, a riƙa goge ƙwayayen lantarki. Na uku a shata layi a ƙasa wanda buhu ba zai ƙetare ba komai yawan kaya. Na ƙarshe a naɗe ƙarfen da roba a yi masa fenti rawaya da baƙi. Manaja ya kawo shawarar a saya wa kowa hular kwano, jami'in ya tambaye shi yadda mai ɗaukar buhu a ka zai sa ta, maganar ta mutu a nan. Abin da aka fara yi, kamar yadda na zata, shi ne fenti, domin shi ya fi araha, alhali fenti sai da haske ake ganinsa. Tsohuwar tayar da aka tsaga aka naɗe ƙarfen da ita ta fi shi amfani.

Da ƙashin ya haɗe, bayan kimanin makonni shida da irin wannan karaya kan ɗauka, aka cire filasta, na tarar hannun ya rame ya sandare, ba na iya juya tafina sama in karɓi canji. Aka tura ni wajen masu motsa gaɓoɓi, aka tsawaita hutun da wata takardar likita, wadda ita ma sai da na kai Kes, domin duk ranar da ba ta cikin takarda ba a biyanta. Mutane da yawa kan koma aiki da zarar an cire filasta saboda gajiya da rabin albashi, su bar dosiyensu a buɗe, kuma wannan asara ce babba, domin takardar shaida ta ƙarshe ita ce ke faɗin ko an warke sarai ko an warke da saura. Tawa ta ce da saura. Likitan Kes ya kira ni, ya auna iyakar lanƙwasar wuyan hannun sama da ƙasa ya gwada da na hagu, ya sa na matse hannunsa da kowanne, ya tambayi da wane hannu nake rubutu, ya duba tabon goshi. Daga wannan awo ake fitar da adadin tawaya cikin ɗari. Idan ya kai 10 ko ya wuce, ana biyan mutum kuɗi a kai a kai, idan kuwa bai kai ba, ana ba shi dunƙule sau ɗaya. Nawa bai kai 10 ba, aka biya ni dunƙule, a kan albashin da ke rubuce. An shaida mini cewa idan hannun ya ƙara lalacewa nan gaba ina iya neman a sake dubawa da sabuwar takardar likita.

Na koma bakin aiki cikin sanyi. An buɗe tagogi biyu an sa raga, an kafa fitilun sola a kan babbar hanya, an shata layi a ƙasa, wanda ake mutuntawa sai ranar da motoci biyu suka zo tare. Ɗaga benen kuwa an ce sai an samu sarari a kwashe kayan da ke kansa, har yanzu ba a samu ba, don haka aka toshe hanyar ƙarƙashinsa da katako, ana zagayawa ta gefen bango. Na roƙi akawu ya shigar da ƙarin da ake ba ni cikin takardar albashi, ya gargaɗe ni cewa kashi 5.25 da ake cire wa ma'aikaci na fansho zai hau kansa, abin da ke shiga hannuna zai ragu, na ce na yarda. Na kuma buɗe wani ɗan littafi a teburina inda nake rubuta duk wanda ya bugu ko ya yi tuntuɓe a cikin sito, da rana da lokaci da wurin, ko da bai zubar da jini ba, ina nuna wa delege ƙarshen wata. Maganar yi wa ƴan dako na kullum rajista a Kes ita ce ba ta motsa ba. Manaja ya ce su ba ma'aikatansa ba ne, na shugaban ƴan dako ne da ke kawo su, shugaban kuma ya ce shi ba kamfani ba ne, kuma delege ya mai da batun ofishin sufeton ƙwadago a rubuce, an sa musu ranar zama.